Wata Bakwai Muna Rufa wa Farfesa Asiri

Da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, ranar wata Laraba, muka tsaya a ƙofar wani gida mai hawa uku a wani gari na ƙasar Jamus. Mu uku ne a wurin: ni Lawan, da matata Sa'adatu, da wata tsohuwa mai farin gashi wadda ta buɗe ƙofa rabi ta tokare ta da ƙafa. Akwatunanmu huɗu suna bayana, na jera su daga babba zuwa ƙarami.

Sa'adatu ta nuna mata takardar haya a waya. Tsohuwar ta karanta har ƙarshe, ta girgiza kai. Gidan nata ne, hoton ɗakin ma na gidanta ne, amma ba ta taɓa sa shi haya ba, kuma ba ta san mutumin da muka tura wa kafin alƙalami tun muna gida ba. Ta shiga ciki, ta fito mana da shayi kofi biyu, muka sha a tsaye a bakin titi, iska tana ratsa mini riga. Lambar mutumin nan ba ta sake shiga ba har yau.

Kafin in ci gaba, ya kamata a san ko mu su waye. Ni mutumin ƙasar Kura ne, karatuna ya tsaya a sakandare. Aikina a gida rabon ruwa. Manoman rani na sashenmu sun ɗora mini kula da ƙofar kanal, ni ne na san wanda zai sha ruwa ranar Asabar da wanda zai jira Litinin. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ba a taɓa tsallake layin wani a hannuna ba. Sa'adatu kuwa 'yar Bunkure ce, malamar lissafi. Digiri biyu ta yi tana koyarwa tana goyo. Sau huɗu tana neman gurbin digiri na uku a waje ana ba ta haƙuri, a na biyar aka ɗauke ta, da albashi na shekara uku da izinin zuwa da miji. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: idan ta cika shekara, kwamiti zai zauna ya duba aikinta. In ya gamsu, ta ci gaba. In bai gamsu ba, kwantiragi ya ƙare, biza ta bi shi, mu tattara mu koma. 'Yarmu Ummi, mai shekara biyar, mun bar ta a wurin mahaifiyata, da alƙawarin za mu ɗauko ta da zarar an tsallake wannan kwamiti.

Waccan ƙofar gida ita ce zangonmu na farko. Na biyu shi ne gidan Alhaji Isaka.

A wani ƙaramin masallaci na bayan kanti, kusa da tashar jirgin ƙasa, muka fake da azahar. Ina alwala da ruwan da ya kusa cire mini yatsu, ina mita ni kaɗai, sai na ji an ce daga bayana, "Kai! Wane ne yake zagin ruwan Allah da Hausa?"

Na juya na ga wani dattijo ƙaƙƙarfa cikin rigar direbobin bas. Shi ne Alhaji Isaka, mutumin unguwar Hausawa ta Kumasi, ya shekara ashirin da wani abu a garin. Ya ji labarinmu bai katse ni ba. Da na gama ya tambayi sana'ata, na gaya masa.

"To, Sarkin Ruwa, ɗauki kayanka. Ɗakin ɗana yana nan ba kowa, ya tafi wani gari aiki. Amma kada ka jera mini takalma a gida, na ga yadda ka jera akwatunanka."

Kwana arba'in da biyu muka yi a gidansa kafin jami'a ta sama mana ɗaki. Matarsa, Hajiya Mariyama, ita ta koya wa Sa'adatu inda ake samun kuɓewa da manja. Shi kuma ya kai ni wani sito inda ake ware kwalaye, aka ɗauke ni aikin safe. Aikin ya dace da ni, domin kowane kwali da lambarsa da layinsa. Abin da bai dace da ni ba shi ne hunturu. Rana ta fito a makare ta faɗi da wuri, azahar da la'asar da magariba su cunkushe wuri ɗaya kamar an kora su. Shinkafa kuma a ɗan ƙaramin kwali ake sayar da ita, ni da na tashi ina taka ta a bakin injin casa. Duk Juma'a muna kiran gida. A kira na tara na ji Ummi ta ce wa kakarta "Mama". Sa'adatu ma ta ji.

Yanzu sai aikin da ya kawo mu. Na tambaye ta ta bayyana mini shi yadda zan iya maimaitawa idan an tambaye ni, ta ce, "Baban Ummi, idan ka ɗaga ƙofar kanal taku ɗaya, ruwa kaza zai wuce. Idan ka ɗaga taku biyu, ninkinsa zai wuce?"

Na ce a'a. Wani lokaci ya fi ninki, wani lokaci ya taru ya zo da tudu guda ya fasa gefen gonar mutumin ƙarshe.

"To, lissafin wannan rashin bin layin nake yi. Akwai igiyar ruwa da take tashi a matsattsen wuri ta yi tafiya mai nisa ba ta watse ba. Ana so a san yaushe take riƙe kanta, yaushe take fashewa. Irin lissafin nan shi ne dai a haske da iska da wasu abubuwa na fiziks."

Ban ji daɗin a ce akwai abin da ba ya bin layi ba, amma na gane.

Malaminta farfesa ne, dattijo dogo, ya haura sittin, yana zuwa aiki a kan keke. Ba zan faɗi sunansa ba. Shekarun baya ya rubuta wata takarda da ta yi suna a fanninsu, kuma a kanta aka ce Sa'adatu ta ɗora nata ginin. Duk Alhamis da ƙarfe biyu suna zama ta nuna masa inda ta kai.

Zango na uku ya faro ne wata Lahadi, a watanmu na uku, bayan mun idar da azahar. Ta shimfiɗa takardu a kan tebur ta kira ni.

"Zo ka gani. Sau shida ina bin wannan shafin. Daga wannan layi zuwa wannan, Farfesa ya yar da wani ɗan guntun lissafi, ya ce ƙarami ne ba zai yi komai ba. A farkon tafiya ƙarami ne. Amma yana girma. Idan igiyar ta yi nisa, shi ne yake kayar da ita. Sakamakonsa na ƙarshe ba daidai ba ne."

"Kin tabbata?"

"Kamar sunana. Ranar Alhamis zan nuna masa."

A nan na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na ce ta zauna, na ba ta doka uku. Ta ɗaya, kada bakinta ya furta cewa ya yi kuskure. Ta biyu, duk abin da ya ce ta ce to. Ta uku, idan abin ya zama dole, ba ita za ta faɗa ba, mutum za a nema a aika.

Ba da mugunta na faɗa ba, abin da na sani ne. A ƙungiyarmu ta ruwa, idan shugaba ya rikita kwanakin layi a gaban taro, ba mai ɗaga hannu. Bayan an watse sai a sami sa'ansa a gaya masa, shi kuma ya je ya same shi su biyu. Washegari shugaba ya fito ya gyara da bakinsa kamar shi ya tuna, kowa ya sha ruwansa, ba wanda ya ji kunya. Na taɓa ganin wani matashi ya gyara wa shugaba magana a bainar jama'a. Gaskiyarsa ce, amma shekara biyu ba a ƙara sa shi a wata shawara ba.

"Wannan mutumin shi ya ɗauko ki," na ce mata. "Sa hannunsa ne abincinmu, shi ne bizarmu, shi ne zuwan Ummi. Wata uku da zuwanki, ki ce masa aikin da ya yi suna da shi ruɓaɓɓe ne?"

"Ba ruɓaɓɓe na ce ba. Layi ɗaya ne."

"A kunnen babba duk ɗaya ne."

Ita ma tarbiyyarmu ɗaya, ba ta taɓa haɗa ido da mahaifinta ba. Ta tattara takardun ta sa a ƙasan akwati.

Daga nan sai Alhamis ta zama ranar fargaba a gidanmu. Tana ƙoƙarin ɗora gini a kan abin da ta san ba zai ɗauka ba. Ta ba kwamfuta lissafi, kwamfuta ta dawo mata da shirme. Farfesa ya ce ta sake dubawa, tabbas ita ta yi kuskure a wani wuri, ta ce to. Mako na gaba haka, na gaba ma haka. Da farko yana raka ta har bakin ƙofa yana tambayar lafiyar 'yarta. Daga baya zaman awa guda ya koma minti goma sha biyar. Da bazara ya tafi wani babban taro da ita, ya tsaya gaban masana ya sake bayanin wannan takarda, tana zaune a layi na biyu. Ta dawo ba ta ci abinci ba kwana biyu. Zoben hannunta ya fara zamewa. Ni kuma duk safiya ina ware kwalaye ina ƙirga watannin da suka rage, ina ce wa raina haƙuri ake yi.

A wata na goma saƙonsa ya zo a rubuce. Ya ce bai ga ci gaba ba, bai kuma gane dalili ba, domin takardunta na neman gurbi sun nuna mai kaifin kai ce. Ya ce idan abu bai canza ba, ba zai iya ba kwamiti shawarar a ci gaba da ita ba.

Sai na ga lokacin doka ta uku ya yi. Na sami Alhaji Isaka a masallaci bayan Juma'a na gaya masa shirina.

"Sarkin Ruwa, nan ba a aike," ya ce. "Mutanen nan, idan burkin motata ya lalace, yaron da ya zo aiki jiya zai gaya mini a gaban fasinja. Ka bar yarinyar nan ta yi magana da malaminta."

"Alhaji, wannan farfesa ne, ba makaniki ba."

"Ni dai na gaya maka. Kanka kamar bulo."

Ban ji ba. A ƙarshen makon nan sashensu ya yi walimar rani a wani lambu, aka ce kowa ya zo da iyalinsa. Na riga na zaɓi wadda zan aika: shugabar kwamitin ɗaliban digiri na uku, wata farfesa mai furfura. Na zaɓe ta ne don sa'arsa ce, kuma na ga suna dariya tare. Ban gaya wa Sa'adatu ba. Na rubuta maganata da Turancin da nake da shi a bayan wata takarda, ɗaya, biyu, uku, don kada in rikice. Da na ga matar ta koma gefe ita kaɗai, na je na gaishe ta na karanta mata. Na ce akwai ɗan gyara a takardar Farfesa, matata ta gani, amma ba ta da girman da za ta faɗa. Na roƙe ta ta gaya masa a asirce, kamar ita ta lura.

Ta ajiye farantinta. Dariyar fuskarta ta ɗauke.

"Tun yaushe ta gani?"

"Wata bakwai."

"Wata bakwai! Ya hana ta magana ne? Ya tsorata ta?"

Na ce a'a, girmama shi take yi. Ta ce ba za ta iya cewa ita ta gano abin da ɗaliba ta gano ba, wannan sata ce. Kuma tunda ta ji cewa ɗaliba ta shafe wata bakwai tana jin tsoron gaya wa malaminta gaskiya, ƙa'idar aikinta ta tilasta mata ta rubuta, ta kira su duka biyu. Na roƙe ta ta manta na yi magana. Ta ce ba ta da wannan ikon.

Ranar Litinin da safe saƙo ya shigo wayar Sa'adatu: ita da Farfesa su bayyana a ofishin shugabar ranar Laraba, kan wani ƙorafi da mijinta ya kawo. Ta karanta sau biyu, ta ɗago.

"Baban Ummi, wa ya aike ka?"

"Gyara na je yi."

"Gyara? Yanzu mutumin nan yana can yana karanta cewa na kai ƙararsa ta bayan gida. Wata bakwai ka hana ni magana da bakina, rana ɗaya ka je ka yi da naka, a kan lissafin da ko layi ɗaya ba za ka iya karantawa ba!"

Tunda muka yi aure ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta jawo akwati, ta zaro takardun nan daga ƙasa, ta kaɗe su.

"Ba zan jira Laraba ba. Gobe zan same shi. In kora ce, a kore ni a kan abin da na faɗa, ba a kan abin da na ɓoye ba."

Zango na huɗu benci ne a wata doguwar baranda, ranar Talata, ƙarfe tara da rabi. Ta shiga, ni na zauna. Ƙofar tana da gilashi a sama, ina hango rabin allo. Farfesa yana zaune ya harɗe hannu a ƙirji, fuskarsa ja wur, bai ce ta zauna ba. Ta ɗauki alli ta fara rubutu. Allin ya karye, ta ɗauki wani. Ta cika gefe ɗaya ta koma ɗayan. Na ga ya yi magana da ƙarfi yana nuna allo, na ce shi ke nan, mun tafi gida. Na ga ta girgiza kai. Sa'adatu, tana girgiza wa dattijo kai! Ta ja layi a ƙarƙashin wani wuri ta buga shi da yatsa. Ya tashi ya karɓi allin, ya rubuta layi huɗu da sauri, ya tsaya. Ya goge ya sake. Ya sake tsayawa. Daga nan ya daɗe a tsaye bai motsa ba, hannunsa ɗaya a kan ƙeya. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta ta, na koma farko.

Awa biyu da minti goma suka yi. Sannan ya buɗe ƙofa ya yafito ni. Ya ce Sa'adatu ta fassara mini don kada wata kalma ta wuce ni, ita kuma ba ta sassauta ko ɗaya ba.

"Matarka tana da gaskiya. Kuskurena ne. Shekaru yana nan, mutane da yawa sun karanta ba su gani ba, ita ta gani a wata uku. Irin wannan idon nake nema shi ya sa na ɗauke ta. Kuskure ba ya ba ni kunya, aikinmu ke nan. Amma ta ce mini kai ka ce ta yi shiru don girmamawa. Kun bar ni na hau gaban masana na maimaita abin da kuka san ba daidai ba ne, tana zaune tana kallona. Kun bar ni na rubuta cewa ba ta da ƙoƙari. Wannan shi ne girmamawa a wurinku?"

Na ce a wurinmu ba a kunyata babba.

"Ni kuwa an kunyata ni sau biyu," ya ce. "Da ta faɗa mini tun ranar, da mu biyu kaɗai muka sani."

Na duba ta kowace fuska, lissafinsa ya fita.

Ranar Laraba suka je wurin shugabar tare, aka rufe maganar ƙorafi. Bayan wata biyu kwamiti ya zauna. Ina barandar nan dai, a kan bencin nan. Suka amince ta ci gaba, kuma za a buga gyaran takardar da sunanta a gaba, na Farfesa a baya. Amma suka ce tallafin shekara uku ne, ba za a ƙara ko mako ɗaya ba. Watannin da suka tafi sun tafi. Aikin da aka tsara wa shekara uku, sai ta yi shi a cikin biyun da suka rage, daga tushe.

A hanyar komawa gida, a cikin bas, ta ce, "Ba za mu iya ɗauko Ummi ba. Ba zan sami lokacinta ba, zalunci ne in kawo ta ta riƙa kallon bayana."

Na ce haka ne.

"Kuma ba za ta ƙara shekara biyu ba uwa ba uba ba. Ka koma wurinta, Baban Ummi. Ba kora ba ce. Hajiya Mariyama tana nan, ba zan rasa mutane ba."

Na so in ce ni ne mai yanke wannan hukunci. Sai na tuna inda hukuncina ya kai mu. Na ce to.

Alhaji Isaka ne ya kai ni tasha. Bai ce ya gaya mini ba, ko sau ɗaya. Ya dai sa mini safar hannu a aljihu ya ce in kai wa mutanen Kura su ga abin da sanyi yake sa mutum ya saya.

Yanzu ina gida, an mayar mini da ƙofar kanal. Ummi tana wurina, ni nake kai ta makaranta a kan babur. Sa'adatu tana kira ranar Juma'a, wani lokaci minti biyar kawai, idanunta sun faɗa. Ta ce ita da Farfesa suna musu a gaban allo har mutanen ofishin kusa su rufe ƙofarsu. Ko za ta gama kafin tallafin ya ƙare, ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

'Ya'yan yankinmu sun fara samun irin wannan gurbi, daga Kura, daga Bunkure, daga Dawakin Kudu. Duk wanda zai tafi, za a zaunar da shi a yi masa nasiha irin wadda na yi, kuma masu yin ta masoyansa ne. Saboda haka ga roƙona gare ka, mai karatu, guda biyu ne. Na farko, ka sa Sa'adatu a addu'a, Allah Ya sa wa watannin da suka rage mata albarka. Na biyu, idan kana da ɗa ko ƙanwa ko mata a can, ka tambaye su ko akwai abin da suka gano suke zaune a kansa don kunyar malami. In akwai, ka ce su je su faɗa masa da ladabi, a gaban allo, a makon nan. Kuma kai da kanka za ka kira su. Kada ka aika kowa.